Agogon Auna Aiki: A Hannun Wa Ya Kamata Ya Kasance?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, wato maganar inganta aiki da rage ɓarnar lokaci. Da wuya a tashi daga taron manajoji ba a ce a auna aikin kowa ba, a yanka masa adadin da zai cika a rana, a kuma san minti nawa yake ɓatawa a kan kowane abu. Na shafe shekaru ina kula da ma'aikata a wata masana'anta kafin in yi ritaya, kuma ni da kaina na riƙe takardar ƙidayar aikin mutane, don haka maganar ba baƙuwa ba ce a wurina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura yawancin masu yin ta ba su san inda ta samo asali ba, alhali da sun sani da sun ga cewa rigimar da ke cikinta an yi ta tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma an biya kuɗin darasinta da tsada.

Tunanin rarraba aiki gida-gida ya daɗe. A shekarar 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya ba da labarin wata ƙaramar masana'antar fil inda mutum goma, kowa da ɗan ɓangaren da yake yi, suke fitar da fil 48,000 a rana, adadin da ba za su ko kusanta ba in da kowa shi kaɗai zai yi fil ɗinsa tun daga farko har ƙarshe. Amma wanda ya ɗauki agogo ya tsaya a kan ma'aikaci yana ƙirga daƙiƙoƙinsa, har ya mai da abin ilimi mai suna da almajirai, shi ne Frederick Winslow Taylor, wanda aka haifa a Filadelfiya ta Amurka a 1856 ya rasu a 1915.

Taylor ɗan gidan masu hali ne, ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Harvard, amma bai shiga ba, sai ya tafi koyon sana'a a wajen masu aikin injin. A 1878 ya kama aiki a kamfanin ƙarfe na Midvale, ya fara daga ƙasa, ya zama foman, daga baya ya kai matsayin babban injiniya. Saboda ya zauna a cikin ma'aikata ya san sirrinsu: suna jan ƙafa da gangan, kuma sun haɗa baki a kan kada wani ya wuce wani adadi. Nan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin Taylor da kansa ya bayyana dalilin, kuma dalilin ba lalaci kaɗai ba ne. A lokacin ana biyan mutane ne gwargwadon yawan abin da suka ƙera. Idan ma'aikaci ya dage ya ninka aikinsa, ba a jimawa sai mai kamfani ya ga kuɗin da yake ɗauka ya yi yawa, ya rage farashin kowane guda, mutum ya koma yana zubar da gumi biyu a kan ladan da yake samu a da. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake nuna iyakar ƙarfinsa, kuma zai gargaɗi duk sabon shiga. Ashe jan ƙafar nan kariya ce da ma'aikata suka gina wa kansu bayan an ci amanarsu.

Maganin da Taylor ya kawo shi ne a daina dogara da zato da abin da aka gada daga tsofaffin ma'aikata. A tsinka kowane aiki zuwa ƙananan motsi, a auna kowanne da agogo, a zubar da wanda ba shi da amfani, a ƙara lokacin hutu, sannan a rubuta hanya guda da kowa zai bi. A zaɓi wanda ya dace da aikin a horar da shi, in ya cika adadin a ƙara masa lada. Tsara aiki kuwa ya koma ofis, ma'aikaci ya karɓi kati da safe wanda ya gaya masa abin da zai yi da yadda zai yi da mintin da aka ba shi. Ya tattara waɗannan ra'ayoyi a littafinsa na 1911 a kan ƙa'idojin gudanar da aiki a kimiyyance, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama cikin 'yan shekaru.

Adalci ya wajabta in faɗi alherin da ke cikin aikinsa, kuma alherin ba kaɗan ba ne. Misalin da ya fi burge ni shi ne na shebur. Lokacin da ya yi aiki da kamfanin Bethlehem Steel daga 1898 zuwa 1901, ya tarar kowane lebura yana zuwa da sheburinsa, da shi yake kwasar garin gawayi marar nauyi, da shi kuma yake kwasar dutsen tama mai nauyin gaske. In gawayi ne sheburin ba ya ɗaukar abin kirki, in tama ce kuma bayansa ne ke biya. Gwaji ya nuna wa Taylor cewa mutum ya fi yin aiki mai yawa a yini idan abin da ke kan sheburinsa ya kai kimanin kilo tara da rabi, sai kamfanin ya tanadi shebur iri-iri, babba don abu marar nauyi, ƙarami don mai nauyi. Bisa lissafin da ya bayar, abin da mutum ɗaya ke kwasa a rana ya tashi daga tan 16 zuwa tan 59. Babu wanda zai ƙi wannan hikima, domin an gyara kayan aiki ne ya dace da jikin mutum. Haka kuma ya shafe shekara 26 yana gwaje-gwaje a kan yadda ake yankan ƙarfe da injin, kuma shi da abokin aikinsa Maunsel White suka samo hanyar sarrafa ƙarfen yanka da ba ya dakushewa ko ya yi ja don zafi, abin da ya ba mutane mamaki a baje kolin birnin Faris na 1900.

Sai dai a wannan kamfani ne aka yi labarin da ya fi kowanne shahara, kuma shi ne ya tona asirin inda tsarin ya karkace. Akwai tulin curin ɗanyen ƙarfe da ake lodawa a taragun jirgin ƙasa, kowane curi kimanin kilo 42, kuma kowane lebura yana loda tan goma sha biyu da rabi a rana. Taylor ya ce lissafinsa ya nuna ana iya loda tan arba'in da bakwai da rabi. Ya zaɓi wani ƙaƙƙarfan mutum da ya laƙaba wa suna Schmidt, wanda ainihin sunansa Henry Noll, aka sa wani ya tsaya a kansa da agogo yana ce masa ɗauka, tafi, zauna ka huta, tashi. Mutumin ya cika adadin, aka ɗaga ladansa daga dala ɗaya da santi 15 zuwa dala ɗaya da santi 85 a rana. Edita, a duba lissafin nan da kyau: aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada kuwa ya ƙaru da kashi sittin cikin ɗari kacal. Tun a 1911 marubuci Upton Sinclair ya aika wa mujallar da ke buga rubutun Taylor wasiƙa yana tambayar dalilin wannan rabo. Amsar Taylor ita ce ribar ta kimiyyar da aka sa a aikin ce, kuma jama'a masu saye su ma suna da rabo ta hanyar sauƙin farashi. Akwai ƙamshin gaskiya a amsar, amma ba ta share cewa bayan Noll ne ya ɗauki ƙarfen ba.

Abin da ya fi ɓata min rai ma shi ne yadda Taylor ya siffanta wanda ya dace da wannan aiki. Ya ce sai mutum mai daskararriyar ƙwaƙwalwa wanda ya fi kama da takarkari, kuma ya yarda cewa a cikin leburori takwas ɗaya ne kawai jikinsa zai iya jure adadin. Wanda ya ɗauki ma'aikacinsa takarkari ba zai taɓa tambayarsa shawara ba. Daga baya kuma, a 1974, masu bincike biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, sun bi takardun asali suka gano cewa labarin yadda Taylor ya riƙa ba da shi ya sha bamban da abin da ya faru, kuma adadin da aka yanka bai tsaya a kan awo mai ƙwari ba. Wannan ya kamata ya zama jan kunne ga duk wanda aka kawo masa adadi aka ce kimiyya ce ta fitar da shi. Agogo yana faɗin daƙiƙa nawa motsi ya ɗauka, amma mutum ne ke yanke hukuncin wane ma'aikaci za a auna, da hutun da za a ƙara, da abin da za a kira aikin yini na adalci.

Sunan tsarin, wato gudanar da aiki a kimiyyance, ya bazu ne a 1910, lokacin da kamfanonin jiragen ƙasa na gabashin Amurka suka nemi izinin ƙara kuɗin dakon kaya. Lauya Louis Brandeis, wanda ya tsaya wa masu adawa da ƙarin, ya kawo shaidu, kuma ɗaya daga cikinsu, Harrington Emerson, ya ce kamfanonin za su iya tsimin dala miliyan ɗaya a kowace rana in sun gyara yadda suke aiki. Jaridu suka ɗauka, maganar ta cika ƙasa. Shekara guda bayan haka ma'aikata suka ba da tasu amsar. A watan Agusta na 1911, a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown kusa da Boston, wani mai zubin ƙarfe ya ƙi yarda a tsaya a kansa da agogo, aka kore shi, abokan aikinsa suka shiga yajin aiki. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike, Taylor ya ba da shaida a farkon 1912, kuma a 1915 majalisa ta hana amfani da kuɗin gwamnati wajen auna ma'aikatan masana'antun soja da agogo, hanin da ya ci gaba har 1949. Masu zubin ƙarfen nan ƙwararru ne da suka shafe rayuwarsu a sana'ar, kuma abin da ya harzuƙa su shi ne wanda bai san aikin kamarsu ba ya zo ya yanka musu lokaci ba tare da ya tambaye su ba.

Ba duk almajiran wannan fanni ne suka bi sawun Taylor sau da ƙafa ba. Frank Gilbreth, wanda ya fara rayuwarsa a matsayin birkila, ya lura cewa magini yana sunkuyawa ɗaruruwan sau a rana don ɗauko bulo daga ƙasa. Ya ƙera dandamalin da ake ɗagawa yayin da bango ke tashi, da tebur a daidai hannun magini, ya sa a jera bulon tun kafin a kawo, har motsin ɗora bulo ɗaya ya ragu daga 18 zuwa kimanin biyar, kuma abin da mutum ke ɗorawa a awa ya tashi daga 120 zuwa 350. Matarsa Lillian Gilbreth, wadda ta yi digirin digirgir a fannin halayyar ɗan Adam a 1915, ta dage a kan cewa gajiya ita ma asara ce da ya wajaba a rage, da kujera mai kyau da haske da hutu. Henry Gantt, mai jadawalin nan na tsara lokacin ayyuka da ake amfani da shi har yau, ya tabbatar wa ma'aikaci ladan yininsa ko bai cika adadi ba, ƙari kuma ya biyo baya in ya cika. A ganina waɗannan sun fi kusa da ma'anar inganta aiki, domin wahalar da ba ta haifar da komai suka cire.

Tarihi kuma ya yi ta nuna abin da ke faruwa in an matsa wa mutum fiye da kima. Henry Ford, wanda ya bi tasa hanyar dabam da ta Taylor duk da kamannin manufarsu, ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park a 1913, lokacin haɗa gindin mota ya faɗo daga awa goma sha biyu da rabi zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Amma a wannan shekarar sai da kamfanin ya ɗauki mutum fiye da 50,000 domin ya riƙe guraben aiki kimanin 14,000, saboda mutane suna shiga suna gudu. A watan Janairu na 1914 ya sanar da ladan dala biyar a rana, fiye da ninki biyu na abin da ake biya, ya kuma rage awannin aiki daga tara zuwa takwas. Lissafi ne ya kai shi ga haka, don horar da sabon ma'aikaci kullum asara ce. A Ingila ma, a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, kwamitin da aka kafa a 1915 don duba lafiyar masu ƙera harsasai ya gano cewa tsawaita awanni da hana hutun mako ba sa ƙara yawan abin da ake fitarwa.

Akwai kuma binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago daga 1924 zuwa 1932, wanda sunan mai bincike Elton Mayo ya shahara da shi. Masana sun yi ta jayayya a kan fassarar sakamakonsa, amma ɓangarensa na ƙarshe ya ishe ni hujja. An sa ido a kan maza goma sha huɗu masu haɗa wayoyin na'urar tarho, aka ga sun yanka wa kansu adadin da ba sa wucewa, suna tsangwamar duk wanda ya yi zarra, saboda tsoron kada a ɗaga adadi ko a rage ma'aikata. Wato shekara hamsin bayan abin da Taylor ya gani a Midvale, bayan duk agogo da kati da jadawali, cutar tana nan, domin tushenta rashin amana ne, kuma awo ba ya warkar da shi.

Ni ma na ga haka da idona. An taɓa kawo mana masu ba da shawara daga waje, suka yi kwanaki suna auna mu, suka tafi suka bar mana sabon adadi. Ba su tambayi kowa dalilin da ya sa wani injin yake tsayawa a kai a kai ba, alhali tsohon da ke kula da shi ya san dalilin tun da daɗewa, har ya san maganinsa. Da na tambaye shi me ya hana shi faɗa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗa aiki ya yi sauri, wa za a fara sallama?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar, kuma na san laifina yana ciki, domin ni ma na daɗe ina ƙirga abin da hannunsa ke fitarwa ban taɓa neman abin da ke kansa ba.

Hujjata mafi ƙarfi ta fito ne daga garin Fremont na jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors yana da masana'antar mota a can wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin ingancin kaya da fashin zuwa aiki da rigima, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota a ƙarƙashin sunan NUMMI, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake zargi. Tsarin Toyota, wanda injiniyan kamfanin Taiichi Ohno ya yi fice wajen ginawa, bai yar da awo ba. Kowane aiki yana da rubutacciyar hanya da daƙiƙoƙinsa, har ya fi na Taylor tsanani ta wasu fuskoki. Bambancin shi ne an koya wa ma'aikatan kansu yadda ake awon, aka damƙa musu agogon, su ne suke auna aikinsu, su rubuta hanyar, su gyara ta in sun ga wadda ta fi. An ba kowa ikon jan igiyar da ke iya tsayar da layi in ya ga matsala, kuma kamfanin ya yi alkawari a rubuce cewa ba zai sallami ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari. Cikin ɗan lokaci motocin wannan masana'anta suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen su ne na da, ginin shi ne na da, agogon ma irin na Taylor ne.

A yau agogon ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu. Manhaja tana ƙirga kayan da mai aikin sito ya ɗauko a awa, da mintin da mai amsa kiran abokan ciniki ya yi a kan kowane kira, da inda direba ya tsaya da tsawon tsayuwarsa. Wannan ya fi zamanin Taylor haɗari ta fuska ɗaya, domin a da mai riƙe agogon mutum ne, ana iya yi masa gardama ko a nuna masa kuskurensa, manhaja kuwa adadi kawai take fitarwa, kuma galibi ma'aikaci bai san yadda aka gina lissafinta ba. Ga kuma abin da kowane tsohon foman ya sani: duk abin da ka sa a ma'auni shi mutane za su bi, su saki wanda ba ka auna ba. In ka auna mai amsa kira da gajartar kiransa, zai koyi sallamar mutum kafin matsalarsa ta warware, mutumin ya sake kira sau biyu, a takarda aiki ya yi sauri, a zahiri ya ninku.

Saboda haka ina kira ga duk shugaban da ke shirin shigo da tsarin auna aiki ya fara da kayan aiki da tsarin wurin, kamar yadda aka yi da shebur da dandamalin magini, kafin ya taɓa saurin hannun mutum. Ya sa masu aikin cikin masu awon, ya nuna musu yadda aka fitar da adadi, ya bar ƙofar gyara a buɗe. Ya faɗa musu tun farko, a rubuce, rabon da za su samu in aiki ya ƙaru, da abin da zai faru da wanda sabon tsari ya cinye gurbinsa, domin muddin amsar tambayar tsohon nan ita ce shi za a fara sallama, babu wanda zai buɗe baki. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma kada su tsaya ga ƙin awo ɗungurungum; su horar da mutanensu su iya karanta lissafin, su zauna a teburin da ake yanka adadi.

Daga gare ka kuma, Edita, ina roƙon idan wakilanku za su kawo rahoton wani kamfani da ya ce ya ninka aikinsa, su nemi alƙaluma biyu a jere, na ƙarin aikin da na ƙarin lada, su kuma tambayi mutum nawa ne suka bar aikin a wannan shekarar.

Wassalam,
Naka mai karatu,
Tsohon foman mai ritaya